Darasi: Yadda Ake Gyara Hoto Ba Tare da Ya Dusashe Ba

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu duba abin da ke sa hoto ya dusashe bayan an gyara shi, alhali kuwa tar yake a lokacin da aka ɗauke shi.

Yawancin hotunan da muke mu'amala da su a tsarin JPEG suke, wanda aka fitar a shekarar 1992. Wannan tsari yana rage nauyin fayil ne ta hanyar kasa hoton gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye da 8 a kwance, sannan ya zubar da bayanan da ido ba zai yi saurin lura da rashinsu ba. Abin da ya zubar kuwa ya tafi ke nan. Buɗe hoto don kallo ba ya rage masa komai, amma duk lokacin da kuka taɓa shi kuka sake adanawa a JPEG, to an ƙara zaftare wani abu.

Ku dubi hoton da ke kan allo, wanda na gyara na adana har sau goma. Ku lura da yadda shuɗin sararin sama ya rabu layi-layi, gefen gashin mutumin kuma ya yi dishi-dishi kamar an watsa masa ƙura.

Saboda haka, kafin ku fara aiki, ku kwafi hoton ku ajiye na asali a gefe. Muddin ba ku gama ba, ku riƙa adanawa a TIFF ko PNG, waɗanda suka fi cin wuri amma ba sa zubar da komai, sai a ƙarshe ku fitar da JPEG sau ɗaya tak, a ma'aunin inganci na 90 ko kusa da haka. A ganina, kai shi 100 ƙarin nauyi ne kawai.

Wanda kyamararsa ke ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya yi amfani da shi, domin JPEG matakan haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 (ma'aunin yawan bayanan da yake riƙewa) kuwa 16,384, shi ya sa ake iya haskaka inuwa ba tare da hoton ya farfashe ba.

Idan kuma za ku tura shi ta WhatsApp, ku aika shi a matsayin fayil, domin in kun tura shi a matsayin hoto, manhajar za ta sake matse shi.