Me ya sa cakulan mai tsada yake saurin narkewa?

Wani bidiyo ne dai ya karaɗe wayoyin mutanenmu daga Makka har Jidda. Wani bawan Allah ya fito rana da cakulan biyu a tafin hannu, ɗaya na Suwizalan mai tsada, ɗaya na baƙala, wato shagon unguwa, na riyal ɗaya. Ku duba. Mai tsadar ya fara malala, mai arahar ko gezau. Shi ke nan aka yanke hukunci, wai Turawa na sayar mana da jabu. Har wata Hajiya ta aiko mana da saƙon murya tana cewa ta fasa sayen tsarabar jikoki.

Hajiya, a yi haƙuri a ɗan saurare mu.

Da farko dai, babu gonar koko ko ɗaya a Suwizalan, haka ma Beljiyam. Bishiyar koko ba ta yi sai a ƙasa mai zafi da damshi. Ga taswira: Kwaddibuwa ce kan gaba a duniya, ita da Ghana ne suka daɗe suna noma fiye da rabin kokon da ake ci. Ga Najeriya, wajen Ondo da Kuros Riba. Can kuma ga Ekwado. A fasa ɗan kokon, a kwashe ƙwayar, a lulluɓe ta da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 ta tsimu, a shanya, a ɗura a buhu, jirgin ruwa ya ɗauka. A masana'anta a gasa, a ɓare, a niƙa.

To a nan za mu tsaya, domin nan ne gardamar take.

Kusan rabin ƙwayar koko mai ne. Ga shi nan a kwano, fari-fari mai ɗan rawaya, ya daskare. Wannan man koko yana narkewa ne a kusan digiri 34. Zafin jikin mutum kuwa 37 ne. Kun ga lissafin? Allah ya yi shi ya daskare a hannun mai shago, ya narke da zarar ya hau harshe. Wannan laushin da ake biyan kuɗi dominsa ke nan. Sai ka ɗauko abin da ke narkewa a 34 ka fito da shi ranar Makka, inda zafi ke wuce 40 da rani, kuma ka ce ya ci amanarka? Ai aikinsa ya yi.

Shi na riyal ɗayan fa? Juya ledar. Yawancin irinsu garin koko ne da sukari, aka cire man koko saboda tsada, aka zuba man alayyadi ko na manja da aka sarrafa ya yi tauri. Shi ya sa yake jure rana. Amma sa shi a baki ka ji: yana daɗewa bai narke ba, kuma ya bar maka wani santsi a ganɗa kamar ka tauna kyandir. Ba haramun ba ne, yara ma suna sonsa. Lokacin da kuɗin koko ya haura dala 10,000 kowane tan a 2024, dole mai neman araha ya nemi mafita. Ni dai abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ya fi inganci.

Wani abin da zai ba ku mamaki: dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa wani man tsiro har kashi 5 cikin 100 a ci gaba da kiran abin cakulan, kuma cikin mayukan da ta amince da su har da man kaɗanya. E, kaɗanyarmu dai.

Saura farin nan da kuke gani a jikin cakulan, wanda ake cewa fumfuna ce. Kawo kyamara kusa. Man koko yana iya daskarewa ta siga 6, guda ɗaya ce kawai ke ba da sheƙi da wannan ƙarar ƙas idan an karya. Don a same ta, sai an narkar da cakulan a wajen digiri 45, a sauko da shi wajen 27, a sake ɗaga shi zuwa 31 ko 32. Idan ya narke a mota ya sake daskarewa da kansa, aikin ya rushe, man ya taso sama ya yi fari. Ana ci lafiya lau, daɗin ne ya ragu.

Sauran bambancin ƙasashe kuwa, a gurguje. Suwizalan madara da laushi: a can Daniel Peter ya haɗa cakulan mai madara a 1875, Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro injin da ke ta murza shi sa'o'i a 1879. Beljiyam gwanayen mai ciko ne a ciki, tun 1912. A Amurka doka ta yarda da koko kashi 10 kacal a mai madara, a Turai kuwa 25, shi ya sa na Amurka ya fi ɗaukar zaƙi. Kokon Madagaska yana da ɗan tsami-tsami, ni shi na fi so, mai ɗaukar hotonmu kuwa ya yatsine fuska, ku gan shi.

Alhazai masu tsaraba, ko cakulan ne ko dabino mai rufin cakulan, ku duba jerin kayan haɗi. Idan kun ga "zubdatul kakaw" a sama-sama, man koko ne. Idan "zuyut nabatiyya", wato man tsiro, ne ya riga shi, ko babu shi sam, kun san abin da kuka saya. Mai man kokon kuma a jakar hannu ake sa shi. Kada a tura shi cikin manyan kaya ya yini a rana a filin jirgin Jidda.