Darasi: Wai Dole Sai da Baƙin Allo Ake Amfani da Linux?

Assalamu alaikum warahmatullah. Masu kallonmu, barkanmu da warhaka daga nan cikin garin Bauchi. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025, wasu daga cikinku sun ɗora Linux Mint a kan tsofaffin laftof ɗinsu, kamar yadda muka nuna a darasin baya. To, wata 'yar'uwa daga Azare ta turo tambaya, ta ce: "Malam, wai sai na iya rubuta umarni a wannan baƙin allon kafin in yi aiki da Linux?"

'Yar'uwa, ba dole ba ne. Ki dubi allona. Wannan fuskar da kike gani sunanta Cinnamon. Ga menu nan a ƙasa ta hagu, na danna, ga Firefox na shiga intanet, ga LibreOffice na buga takarda. In ina son VLC na kallon bidiyo, sai in buɗe Software Manager, in rubuta sunansa, in latsa, shi ke nan. Ɗalibin da ke rubuta furojet ɗinsa a harabar jami'a ta Yelwa ko ta Gubi zai iya kammalawa tsaf bai taɓa buɗe taminal ba, wato baƙin allon nan, kuma babu abin kunya a ciki. Duk wanda ya ce miki sai mai baƙin allo ne ya iya kwamfuta, kada ki saurare shi.

Amma ni dai ina roƙonku ku koyi umarni biyar ko shida, kuma ga dalilina. Fuskokin Linux sun bambanta. Ubuntu yana zuwa da GNOME, Xubuntu da Xfce, Mint da Cinnamon, kowanne da inda ya ajiye maɓallansa. In ka kira ni daga Misau ka ce abu ya ƙi, na fara ce maka danna can, gangara nan, sai katinka ya ƙare ba mu fahimci juna ba. In kuwa layi ɗaya na turo maka ta WhatsApp, zai yi aiki a dukkansu, domin Mint a kan Ubuntu aka gina shi, shi kuma Ubuntu a kan Debian. Kamar aiken yaro ne kasuwar Wunti: gara ka rubuta masa sunan kayan da ka tsaya kwatanta masa lungu-lungu.

Bari mu gwada tare. Ku danne Ctrl da Alt, ku taɓa T. Ga taminal ya fito. Na rubuta pwd, na buga Enter, ya gaya mini foldar da nake ciki. Na rubuta ls, ya jero abin da ke cikinta. Yanzu cd Downloads, don in shiga foldar Downloads. Ku lura, D ɗin nan babba ce. In kun sa ƙarama zai ce babu wannan folda, domin a wajen Linux babban baƙi daban, ƙarami daban. Dabara guda: rubuta cd Dow kawai ka taɓa Tab, zai ƙarasa maka da kansa.

Ga inda taminal ke burge ni. Foldar nan cike take da takardun lacca a cakuɗe da hotuna. Na rubuta mv *.pdf ~/Documents/ na buga Enter. Kun gani? Duk fayil ɗin PDF ya koma can lokaci guda, ban tsaya tsince su ɗaya bayan ɗaya da linzami ba.

Sai sudo apt install vlc, wato umarnin ɗora VLC ta taminal. Zai nemi kalmar sirri. A nan ne sababbi ke ruɗewa: a Mint taurari ne ke fitowa a madadin baƙaƙen, amma a wasu nau'ikan Linux kana bugawa, allon ba ya nuna komai, ko tauraro ɗaya. Kibod ɗinka lafiyarsa ƙalau, haka aka tsara shi. Ka buga kalmar ka danna Enter. Wanda ke kan Fedora kuma, dnf zai sa a madadin apt.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don Allah. Umarnin rm yana goge fayil ne kai tsaye, ba ya kai shi kwandon shara balle ka je ka dawo da shi. Shi kuma sudo ikon mai gida yake ba ka a kan na'urar gaba ɗaya. Saboda haka duk layin da kuka tsinta a intanet, musamman mai sudo tare da rm -rf, kada ku manna shi sai kun san aikinsa. Ku rubuta man rm ku karanta bayaninsa, in kun gama ku taɓa q ku fita. Bayanin da Turanci yake, in ya shige muku duhu ku turo mana mu fassara.

Abu na ƙarshe, saboda yanayin wutarmu: kada ku fara sudo apt upgrade, wato umarnin sabunta manhajoji, batir yana ja. In na'ura ta mutu ana tsaka da ɗora manhaja, apt zai iya ƙin aiki daga baya. In hakan ta faru, ku gwada sudo dpkg --configure -a, sau da yawa yana warware matsalar.

Kafin darasi na gaba, kowa ya ƙirƙiri folda da mkdir darasi, ya shiga cikinta da cd, ya fito da cd .. wato cd, tazara, sai ɗigo biyu a jere. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba cp da izinin fayiloli. Wassalamu alaikum.