Tsohuwar motar alfarma tana ƙara ko jijjiga? Ga yadda ake gano bakin zaren

Jama'a barkanmu da warhaka. A shekarar 1958 an yi wa Rolls-Royce wata talla a Amurka, aka ce in motar na gudun mil 60 a awa, abin da ya fi ƙara a cikinta agogo ne. Da irin wannan shirun aka ƙera motocin nan, shi ya sa 'yar ƙarar da ba za ka ma kula da ita a wata motar ba, a cikinsu sai ta hana ka sakat.

Abin da ke ci min rai shi ne a kawo mota tana jijjiga, tun ba a hau ta ba an fara kwance kaya, a canza shokazoba a canza wancan a canza wannan, kuɗi sun tafi jijjiga na nan daram. Don Allah ɗan'uwa ajiye sifana tukuna. Hau titi mai kyau marar gargada, kashe rediyo, ka nemi amsar tambaya ɗaya, abin nan gudun mota yake bi ko juyin inji?

Ga yadda za ka gane. Kai ta daidai gudun da take fara rawar, a inda babu cunkoso, sai ka sa giya a firi na 'yan daƙiƙu inji ya sauka. In abin ya ɗauke, to ɓangaren inji ne, ko robobin da injin ke zaune a kansu sun kwanta, ko wani filogi ba ya ci, ko kuma robar da ke rataye salansa ta tsinke yana taɓa bodi. In kuwa yana nan duk da inji ya sauka, nufi taya da farfela (dogon ƙarfen nan na ƙarƙashin mota da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya) da boris.

Taya tana juyawa kamar sau 14 a daƙiƙa in kana gudun kilomita 100 a awa, don haka tata kaɗawa ce, jikinka ne ke ji. In a sitiyari kake ji galibi tayoyin gaba ne, in a kujera ne duba na baya. Kuma motocin nan sun fi daɗewa a ajiye, taya na kwanciya ta gefe ɗaya, ka tashi kana jin dum dum dum, in ta yi zafi bayan 'yan kilomitoci sai ya lafa. Duba lambar shekara a jikinta, 2315 na nufin mako na 23 a 2015, in ka ga lamba uku ce kacal to kafin 2000 aka yi ta, wallahi cire ta ko da zanenta na nan kamar sabo.

Farfela kuma tana juyawa wajen ninki uku na taya, tata ruri ne a kunne da tsuma a ƙasan ƙafa. Marsandi W123 da W126 suna da faifan roba a bakin farfela gaba da baya, ga boris a tsakiya shi ma a cikin roba yake, in sun tsattsage za ka ji rawa lokacin tashi, ko ƙwas in ka saki totur ka sake takawa. Kafin ka raba farfelar gida biyu yi mata alama da fenti, don tare aka yi musu balansin, in ka mayar a karkace ka ƙirƙiro sabuwar jijjiga da hannunka.

Ni dai a tsohuwar mota roba nake fara zargi, don shekaru ne ke kashe ta ba yawan tafiya ba. Jaguar XJ6 da ta fito a 1968, duk ƙafar bayanta a cikin wani firam take wanda robobi ne ke riƙe shi da bodi, in suka saki sai bayan ya dinga bugawa yana lilo.

Boris ɗin taya mai sauƙi ne, gurnaninsa na canzawa in ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama.

Sai fito na iska. Sa takarda a bakin ƙofa ka rufe ka ja, in ta zare salin alin robar ta mutu a wajen. Ko ka liƙe gefen gilashi da salatif ka fita gwaji, ka dinga cirewa ɗaya bayan ɗaya har fiton ya dawo, inda ka cire na ƙarshe nan iskar ke shiga.