Kwamitin Sulhun Manoma da Makiyaya: Wa Zai Shiga, Da Wace Ƙa'ida?

(Laccar da aka gabatar wa dagatai, ardo-ardo da sarakunan noma a zauren taron wata ƙaramar hukuma a Jigawa, gab da kaka.)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, barkanmu da zuwa.

Zan fara da takarda, domin a nan yawancin kwamitoci ke mutuwa tun ba su yi zaman farko ba. Sai ciyaman ya tashi a taro ya ce ya kafa kwamiti, a tafa, a watse. Wannan ba naɗi ba ne. Kowane mamba sai ya karɓi takardar naɗi mai sa hannu, an rubuta aikinsa, wa'adinsa, da wanda zai riƙa kai wa rahoto. Ikon kwamiti bai wuce abin da ke cikin takardar nan ba.

Kuma ba kowane kwamiti ciyaman ke naɗawa ba. Dokar filaye ta 1978 ta ce kowace ƙaramar hukuma ta sami kwamitin ba da shawara kan rabon filaye, amma gwamna ne ke tsayar da mambobinsa bayan ya tuntuɓi ƙaramar hukumar. Dokar ta kuma hana ƙaramar hukuma ba da fili fiye da hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba da yardar gwamna ba. To, kwamitin sulhu ba shi da hurumin yanka wa kowa gona a makiyaya, balle ya sayar da burtali. In ya ga an cinye burtali, ya rubuta ya kai sama.

Mutum nawa? Tara ko goma sha ɗaya, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. In aka kai ashirin, taron suna ake yi. Wakilin Hakimi, ardo, sarkin noma, malamin gona, jami'in dabbobi, limami, wakilin 'yan sanda, kansila ɗaya. A sa mace, domin matan da ke tallan nono kan riga kowa jin inda rigima ke tsiro. Abin da ba a yi masa wasa shi ne kujerun manoma da na makiyaya su zama daidai. Misali, biyu da biyu. In manoma huɗu ne, Bafulatani ɗaya, to duk abin da aka yanke, ko gaskiya ne, ruga ba za ta karɓa ba. Sakatare ya zama ma'aikacin ƙaramar hukuma, ba ya ƙuri'a, kuma littafi a ofis yake kwana.

Wa'adi shekara biyu ya isa. Wanda ya ƙi zuwa zama uku a jere ba uzuri, a rubuta wa ciyaman ya maye gurbinsa daga ɓangaren da ya fito.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Zama ba ya halatta sai fiye da rabin mambobi sun hallara: biyar cikin tara, shida cikin goma sha ɗaya. Amma lissafi kaɗai ba ya isa kwamiti irin wannan. Ku rubuta cewa ko an cika adadi, in babu wakilin makiyaya ko na manoma, a ɗage. Sanarwar zama ta fita da kwana uku aƙalla, a kuma kauce wa ranar kasuwa. Sanya zama ranar Alhamis a yankin Maigatari, ranar da kasuwarsu ke ci, ai kora ce cikin ladabi.

Ɓarna kuwa ba ta jiran ranar zama. In shanu sun shiga gona, mutum uku su je cikin kwana biyu, da malamin gona a ciki, kafin sawu ya ɓace. A auna wurin da aka ci, a ƙiyasta dami nawa na gero ko buhu nawa na wake, a yi kuɗinsa da farashin kasuwar makon. Gonar ɗan'uwanka ce, ko shanun surukinka? Ka faɗa da bakinka, ka fita, sakatare ya rubuta cewa ka fita.

Diyya hannu da hannu ake biya, daga mai shanu zuwa mai gona, a gaban shaidu, a sa hannu ko a dangwala. Kuɗin kada ya kwana a aljihun mamba. Alawus ɗin zama daga ƙaramar hukuma yake fitowa. Ranar da kuka fara karɓar kuɗin mai daga masu ƙara, kun zama 'yan kamasho.

Wani ya aiko da tambaya a takarda: in mutum ya ƙi amincewa da abin da kwamiti ya yanke fa? Kwamiti ba kotu ba ne. Ba ya tsare mutum, ba ya cin tara. A ba shi kwafin rahoto ya tafi gaban alƙali. In kuwa an zubar da jini, maganar ta bar hannunku tun daga gona, ta 'yan sanda ce.

Rahoton wata uku-uku a kai wa ciyaman, kwafi ɗaya ga Hakimi. Bayan sallar azahar za mu duba samfurin takardar naɗin, kowa ya zo da biro.