Ka zana hanyar ƙafa a taswira, waya kuma ta ce a zagaya?

Kwanan nan tambaya ɗaya ke ta dawowa: na zana hanyar masu tafiya a ƙasa a OpenStreetMap, amma in aka nemi hanya, sai waya ta kai mutum can nesa ta dawo da shi. Me ya faru?

Bari mu yi sauri da farkon. Taswirar nan tun 2004 take, kowa na iya gyara ta. Buɗe iD, manhajar gyara taswirar da ke shafin OpenStreetMap, ga hoton Damagaram daga sama. Lungun Birni da mota ba ta shiga: layi ɗaya, ka sa masa alamar highway=path mai nuna hanyar ƙafa ce, shi ke nan. Daɓen gefen kwalta kuwa, ko dai ka rubuta wa titin kansa sidewalk=both, wato akwai daɓe a gefe biyu, ko ka ja masa layinsa daban, highway=footway da footway=sidewalk.

To, a dakata nan, don nan ake faɗuwa.

Duba layukan nan biyu, na titi da na daɓe. A idonka suna manne. A wajen kwamfuta kuwa ba su san juna ba, kamar maƙwabtan da katanga ta raba, babu ƙofa. Ko taku ɗaya ne tsakaninsu, in ba su haɗu a ɗigo ɗaya ba, ba a wucewa.

Ga yadda ake yi. Nemo inda mutane ke tsallakawa da gaske. Ja ɗan gajeren layi daga wannan daɓen, ka danna a kan titin sai ɗigon ya kama, sannan ka ƙarasa wancan gefen. Layin highway=footway da footway=crossing ne, ɗigon tsakiya highway=crossing. Yanzu gwada: ja ɗigon kaɗan. Titi da hanyar ƙafa sun motsa tare? Sun haɗu. In ɗaya ya tsaya cak, sake. Kar ka manta ka mayar da ɗigon wurinsa.

Ni dai a ganina, a yawancin unguwanninmu rubuta wa titin ya fi sauƙi. Yashin bakin hanya da masu shayi da 'yan kabu-kabu suka cika ba daɓe ba ne, sidewalk=no za ka sa. Inda magudanar ruwa take a buɗe, kar ka zana matsallaka, don makaho ma na iya bin taswirar nan.

Inda inuwar itatuwa ta rufe hoton, wajen Zango ko bakin Kasuwar Dole, taka ka je ka gani kafin ka adana.