Me ya sa bindiga mai sakata ta fi iya saiti?

Jama'a, ku yi tunanin wani allo mai da'irori. Shi ake harbi a gasar Olympics daga nisan mita 50. Da'irar tsakiya, mai maki goma, faɗinta milimita 10.4 ne kacal, harsashin kuma milimita 5.6. Bindigar da 'yan wasan ke riƙe da ita irin mai sakata ce: ka ɗaga hannun ƙarfen, ka ja baya, ka saka harsashi ɗaya, ka tura, ka kulle, kamar yadda ake sakata ƙofa. Tsari ne tsoho. Tun 1898 Paul Mauser na Jamus ya fito da samfurin da har gobe ake kwaikwayonsa.

To me ya hana a yi watsi da ita?

Dalili shi ne komai nata a kafe yake. Da an kulle sakatar, haƙoranta sun kama, harsashi ya zauna daram yana fuskantar tsakiyar bututu, kuma na gaba ma haka zai zauna. Bindiga mai sarrafa kanta kuwa dole ta ɗebi wani ɓangare na ƙarfin harbin ta cillar da kwanso, ta cusa sabon harsashi. Kowane ƙarfe mai motsi wata ƙofa ce da bambanci ke shigowa ta cikinta.

Nan ne wurin da nake so ku natsu. Duk lokacin da aka harba, bututun yana karkarwa, ko da ido bai gani ba. Ba a iya hana shi. Abin da maƙera ke nema shi ne ya yi karkarwa iri ɗaya kowane karo, harsashi ya fita a daidai gaɓar da na baya ya fita. Shi ya sa ake barin ɗan sarari tsakanin bututu da katakon bindigar, har takarda ta iya ratsawa. Idan katako ya kumbura da damina ya taɓa bututu, saiti ya tafi.

Kuma harbi ɗaya a tsakiya bai nuna komai ba. Ana harba biyar ko goma, a auna tazarar ramuka biyu mafi nisa da juna. Bindigar da ta tara su cikin kusan santimita 3 daga mita 100, ita ake cewa ta kai MOA ɗaya, wato ma'aunin da ake gwada iya saitin bindiga da shi.

Sauran aikin na harsashi ne da na mutum. Manyan 'yan wasa sukan kai bindigarsu masana'antar harsashi irin su Eley a Ingila ko Lapua, a gwada kashi-kashi na harsashi har a sami wanda ya dace da bututunsu, su saye shi da yawa. A filin gasar harbi na Bisley da ke Ingila kuwa, inda ake harbi daga yadi 1,000, mai harbi yakan daɗe yana karanta tutocin iska kafin yatsansa ya taɓa kunama.