Darasin Zaɓe a Ƙaramar Sakandare: A Ba Yara Akwati Su Ƙirga da Kansu

Malamai, barkanku da aiki. Idan kuka rubuta ma'anar dimokuraɗiyya a allo, yara za su haddace ta, su zubo muku ita ranar jarrabawa, kafin a dawo hutu kuma ta bi iska. Ɗan shekara 12 ko 13 ba ya gane zaɓe sai ya kaɗa ƙuri'a da hannunsa, ya kuma ga gwaninsa ya sha kaye. Saboda haka yau a cikin aji za mu yi zaɓen, kuma kayan aikin ba su wuce kwali ɗaya, takardu da tawada ba.

Ku ɗauki zaɓen monita. 'Yan takara uku, kowa da alamarsa: tauraro, fitila, littafi. Kada ku ari sunan wata jam'iyya ta gaske ko tutarta, don yara kan zo da siyasar gidajensu, nan da nan darasi ya rikiɗe ya zama gardama. Kowane ɗan takara a ba shi minti biyu ya faɗi abin da zai yi wa aji.

To, kafin a fito da akwati, ku ce a ɗaga hannu. Ku zuba ido a nan. Za ku ga yaro ya ɗago hannu rabi, ya waiga ya dubi abokinsa, ya sauke. Wata ba za ta motsa ba sai ta ga inda ƙawayenta suka karkata. Ku rubuta sakamakon a gefen allo, ku yi shiru. Daga nan a raba takardu, kowa ya shiga lungu shi kaɗai, ya dangwala, ya naɗe, ya jefa. In an kwatanta sakamakon biyu, da wuya su zo daidai, kuma yaran da kansu za su faɗa muku dalili. A lokacin ne za ku gaya musu cewa ƙuri'ar sirri ba ta daɗe a duniya ba. Ostireliya ta fara amfani da ita a 1856, Birtaniya kuma sai 1872 ta karɓa. Kafin nan mutum a bainar jama'a yake faɗin wanda ya zaɓa, mai gidansa ko ubangidansa na tsaye yana ji.

Sauran ƙa'idojin ba sa bukatar dogon bayani, a aikace ake ganinsu. A nuna akwati babu komai a ciki kafin a rufe. Rajistar aji ita ce rajistar masu zaɓe. Wanda ya jefa a shafa masa tawada a farce, yadda Indiya ke yi tun zaɓenta na 1962. Yara na son labarin Gambiya, inda ba takarda ake amfani da ita ba: 'yar ƙwallon gilashi ake jefawa cikin durom mai launin ɗan takara, ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya. In ta kaɗa sau biyu, malaman zaɓe sun san an yi wani abu.

Wurin ƙirga ne zuciyar darasin, kada ku yi gaggawa. Kowane ɗan takara ya tsayar da wakilinsa, a ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani. Mu ce yara 40 ne. Tauraro ya samu 16, fitila 13, littafi 11. Wa ya ci? Za su ce tauraro. Haka ne, idan ƙa'idar ita ce wanda ya fi yawa ya lashe, kamar yadda ake zaɓen 'yan majalisa a Birtaniya. Amma ku tambaye su: mutum nawa ne ba su zaɓi tauraro ba? 24. Sun fi rabin aji.

Yanzu a gwada tsarin Faransa, inda ba a zama shugaban ƙasa sai an haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba a je zagaye na biyu. A cire littafi, a sake jefawa. Idan 8 daga magoya bayansa suka koma wa fitila, 3 suka bi tauraro, fitila na da 21, tauraro 19. Yaran nan dai ne, ra'ayinsu bai sauya ba, amma monita ya sauya. Ajin zai kaure da hayaniya, wasu su ce maguɗi ne. Ku bar su su yi ta, a ganina wannan hayaniyar ta fi shafi goma na rubutu amfani.

In sun lafa, ku nuna musu cewa ƙasashe ma sun sha bamban a kan wannan. A Amurka wakilai 538 ne ke zaɓen shugaba, mai 270 shi ya ci, shi ya sa a 2016 Hillary Clinton ta fi yawan ƙuri'un jama'a amma Donald Trump ya hau kujera. A Najeriya yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, don kada yanki ɗaya ya naɗa wa kowa shugaba.

Wani zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, mu yaushe za mu yi na gaske?” A yawancin ƙasashe sai an cika 18, ko da yake Ostiriya ta sauko da shi zuwa 16 a 2007, Brazil ma tana barin ɗan 16 ya jefa in yana so. Abu ɗaya dai, ku yanke tsarin da zai fitar da monita na ainihi tun kafin a jefa ƙuri'ar farko, ku rubuta a allo, 'yan takara uku su sa hannu a ƙasa.